Makamai masu linzami a kan samfurin jiragen yaƙi

Samfurin jirgin yaƙi ƙaramin kwafi ne na jirgin gaske, wanda ake harhaɗawa daga sassan roba, a yi masa fenti, a manna masa sitika. Ma'aunan da aka fi amfani da su su ne 1/72 da 1/48 da 1/32, wato an rage girman jirgin sau 72 ko 48 ko 32. Kamfanoni irin su Tamiya da Hasegawa na Japan da Airfix na Birtaniya suna cikin masu ƙera waɗannan kaya. A wurin masu wannan sha'awa, samfuri bai cika ba sai makaman da ke ƙarƙashinsa sun dace da jirgin, da rundunar da ta yi amfani da shi, da kuma shekarar da ake kwaikwayo.

Dacewar makami da jirgi

Kwalin samfuri yakan zo da makamai fiye da buƙata, domin kamfani na amfani da sassa iri ɗaya wajen nau'o'in jirgi daban-daban. Don haka samun makami a cikin kwali ba hujja ba ce cewa jirgin ya taɓa ɗaukarsa.

Jirgin F-14 Tomcat na sojojin ruwan Amurka misali ne mai kyau. Makamansa na kakkaɓo jirage guda uku ne: AIM-9 Sidewinder mai bin zafin inji a kusa, da AIM-7 Sparrow mai matsakaicin zango, da AIM-54 Phoenix mai dogon zango. Jirgin na iya ɗaukar Phoenix har shida, kuma hotunan da aka ɗauka da wannan lodi sun yi suna, shi ya sa masu harhaɗawa da yawa suke son su yi shi haka. Amma a bakin aiki ba kasafai ake yin hakan ba. Nauyin kowane Phoenix ya kai kusan kilo 450, kuma akwai iyakar nauyin da jirgi zai iya sauka da shi a kan jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama. Abin da aka fi gani shi ne a gauraya su: Phoenix biyu, Sparrow biyu ko uku, Sidewinder biyu. Makamin AIM-120 AMRAAM kuwa, duk da ya shiga aiki a 1991, F-14 bai yi aiki da shi a rundunoni ba har aka yi masa ritaya a 2006.

Bambancin zamani

Sunan Sidewinder ɗaya ne tun 1956, amma siffarsa ta sauya sau da yawa, kuma an fi gane bambancin ta ƙananan fukafukan gaba. A yaƙin Vietnam, sojojin ruwa da sojojin saman Amurka duk sun tuƙa F-4 Phantom, sai dai bayan AIM-9B kowa ya kama nasa: sojojin ruwa suka yi amfani da nau'o'in D da G da H, sojojin sama kuma E da J. AIM-9L, wanda ke iya kama jirgi ko ta gaba, bai fito ba sai ƙarshen shekarun 1970. Da shi ne F-14 guda biyu suka harbo jiragen Su-22 biyu na Libiya a kan Tekun Sidra ranar 19 ga Agusta, 1981, kuma shi jiragen Sea Harrier na Birtaniya suka ɗauka a yaƙin Falkland na 1982. Sanya AIM-9L a kan Phantom na 1968 kuskure ne, ko da ya yi kyau a ido.

Launuka da zobba

A shekarun 1960 da 1970 yawancin makaman Amurka na wannan rukuni farare ne. Daga shekarun 1980 aka riƙa komawa ruwan toka mai haske, kamar yadda su kansu jiragen suka koma launukan da ba sa ɗaukar ido. Ana bayyana launukan ne da lambobin tsarin FS 595, kuma FS 36375 ita ce tokar da aka fi dangantawa da waɗannan makamai. Sashen gaba na AIM-9L ba fari ba ne, launin ƙarfe ne mai duhu, da ɗan gilashi a hancinsa.

Zobban launi da ke zagaye jikin makami su ne suka fi muhimmanci, domin saƙo ne ga ma'aikatan da ke loda shi. Rawaya na nufin akwai abin fashewa na gaske. Ruwan ƙasa na nufin injin rokar na da rai. Shuɗi na nufin sashen ba ya fashewa, na atisaye ne. Makamin yaƙi yakan ɗauki rawaya a wajen sashen fashewa, ruwan ƙasa a wajen inji. Jirgin da ke atisaye kuwa sau da yawa makami ɗaya tak yake ɗauka mai zoben shuɗi, wanda kansa ke aiki domin matuƙi ya koyi saiti amma ba a harba shi. Wannan tsari na Amurka ne da ƙawayenta na NATO, bai kamata a ɗora shi kai tsaye a kan makaman Tarayyar Sobiyet irin su R-3S na MiG-21 ba, duk da cewa shi R-3S ɗin an kwaikwaye shi ne daga AIM-9B.

A ma'aunin 1/72 tsawon Sidewinder bai wuce kimanin santimita 4 ba, don haka zana zobban da burushi aiki ne mai wuya, kuma galibi ana amfani da siraran sitika.

Tantancewa

Hoton da ke ɗauke da kwanan wata da lambar jirgi ya fi takardar umarnin cikin kwali amfani. Jiragen gidan tarihi da na baje koli suna iya ɓatar da mutum, domin makaman da ke jikinsu marasa rai ne, an kuma sake yi wa wasu fenti, wani lokaci ma an rataya musu nau'in da bai dace da zamaninsu ba.