Mene ne PSI? Bayani kan awon matsin iska a taya, tukunyar gas da injin ruwa

Duk mai tuƙa mota, acaɓa ko Keke Napep ya saba jin mai faci yana tambaya: "Nawa za a sa, talatin da biyar ko arba'in?" Wannan lambar ita ce PSI. Da yawa daga cikinmu suna amsawa ne da ka, alhali kuskure a kanta na iya fasa taya a tsakiyar titin Legas zuwa Ibadan.

Ma'anar PSI

PSI taƙaitaccen suna ne na Turanci. Ma'anarsa ita ce laba nawa na nauyi ke danne kowane inci ɗaya murabba'i. Laba ɗaya ta ɗan gaza rabin kilo, wato giram 454, shi kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. To idan aka ce taya tana da PSI 32, ana nufin iskar da ke ciki tana tura kowane inci murabba'i na bangon tayar da ƙarfin laba 32, kusan kilo 14 da rabi kenan.

Awon ya samo asali ne daga ma'aunan Ingila, kuma Amurka na amfani da shi har yau. Motocin Turai da Japan sukan zo da wasu ma'aunan, wato bar ko kPa. Lissafin ba wuya: bar 1 daidai yake da PSI 14.5, kuma kPa 100 shi ne bar 1. Don haka idan ka ga 2.2 bar ko 220 kPa a jikin Tokunbo ɗinka, PSI 32 ake nufi.

Iskar da ke kanmu ma tana da nauyi

Iskar da ta lulluɓe duniya tana danne komai. A bakin teku, kamar Legas ko Fatakwal, matsinta ya kai PSI 14.7, wato kimanin kilo ɗaya a kan wuri mai faɗin farcen yatsa. Ba ma jin nauyin ne saboda jikinmu ma yana turawa daga ciki da ƙarfi daidai da haka.

Wani masani ɗan Italiya, Evangelista Torricelli, shi ya fara auna wannan a 1643. Ya cika dogon bututun gilashi da zaiba, ya kifa shi cikin kwano, sai ya ga iskar waje ta riƙe zaibar a tsayin kusan santimita 76. A 1648 kuma Blaise Pascal na Faransa ya sa aka hau dutsen Puy de Dôme da irin wannan bututu, aka ga zaibar tana sauka gwargwadon yadda ake hawa. Nan aka tabbatar cewa matsin iska yana raguwa idan aka yi sama.

Shi ya sa a Kano matsin yake wajen PSI 13.9, a Jos kuwa, mai tudun kusan mita 1,200, wajen 12.7 ne. Ruwa ma a Jos yakan tafasa tun a kusan digiri 96, bai kai 100 ɗin da ake samu a Legas ba.

Abin lura shi ne, gejin mai faci ba ya lissafa wannan 14.7 ɗin. Abin da ya ƙaru a kansa kawai yake nunawa. Tayar da geji ya nuna sifili tana da iska a ciki, sai dai ƙarfinta daidai yake da na waje.

Iska nawa taya ke buƙata?

Ƙananan motoci galibi PSI 30 zuwa 35 suke so. Manyan motoci irin su tirela da tanka sukan kai 100 zuwa 120. Lambar da ta dace da motarka tana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a jikin ƙofar direba, ko cikin murfin tankin mai. Babur da Keke kuma a duba littafinsu, don tayar gaba da ta baya ba iska ɗaya suke ɗauka ba.

Lambar da ke gefen taya, wadda aka rubuta MAX kusa da ita, iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce. Kamfanin motar bai ce a kai nan ba.

Idan iska ta yi kaɗan, gefen taya yana ta lanƙwashewa, ya ɗau zafi har ya fashe, musamman in an yi lodi ana gudu. Mota kuma takan ƙara shan mai. Idan iska ta yi yawa, tsakiyar taya ce kaɗai ke taɓa kwalta, sai ta cinye da wuri, birki ya rage kamawa, balle a lokacin damina.

A riƙa auna taya da safe kafin a yi tafiya. Zafi yana ɗaga iska, kusan PSI 1 a duk ƙarin digiri 5 zuwa 6. Direban da ya tsaya a Ore ko Lokoja ya ga geji ya hau, kada ya sace iskar, domin in tayar ta huce za ta koma ƙasa da yadda ake so. Dukan taya da ƙarfe ba ya nuna bambancin 28 da 35, gara mutum ya sayi ƙaramin geji nasa. Lokacin da ake hura tayar babbar mota kuma, a tsaya ta gefe can, ban da sunkuyawa a kanta.

Tukunyar gas da injin ruwa

Gas ɗin girki ruwa-ruwa yake a cikin tukunya, kuma matsinsa ya fi bin zafin wuri a kan yawansa. Tukunyar da ta cika da wadda ta kai rabi kusan matsi ɗaya suke nunawa. Saboda haka da sikeli ake gane cikar tukunya mai kilo 12.5. Wannan ne ma dalilin da ake hana barinta cikin rana ko kusa da wuta.

Injin ruwan da ake ajiyewa a bakin rijiya shi ma da iskar sama yake aiki: yana zuƙe iskar cikin bututu, ta waje ta turo ruwan. PSI 14.7 ba zai iya ɗaga ruwa sama da mita 10.3 ba, a aikace ma bakwai zuwa takwas ne. In ruwa ya fi haka zurfi, komai girman injin ba zai jawo ba, sai an zura Sumo a ciki ya turo daga ƙasa.

Awon hawan jini kuwa ba da PSI ake yi ba. Da milimita na zaiba ake yinsa, irin na Torricelli, kuma 120 ɗin da likita ke faɗa PSI 2.3 ne kacal.