Murhu da Ibadar Gida a Wurin Girkawan Dā

Idan ana zancen addinin Girkawan dā, hankali yakan tafi ga manyan haikalai. Amma tushen ibadarsu yana cikin gida ne, wato a murhu, wanda suka ɗauka mazaunin allahiya Hestiya. Maigida kuwa shi ke jagorantar ibadar.

A birnin Atina, kwana 5 ko 7 bayan haihuwa, akan ɗauki jariri a zagaya murhu da shi, alamar uba ya karɓe shi cikin iyali. Wanda uba ya ƙi, akan fitar da shi a yar. Haka kuma a gaban murhu ake tarbar amarya da sabon bawa, a watsa musu busasshen ɓaure.

Al'amarin bai tsaya a gida kaɗai ba. Littafin tsarin mulkin Atina da ake dangantawa da Aristotal, na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna cewa kafin mutum ya hau babban muƙami sai an tambaye shi inda yake bauta wa Ziyus na tsakar gida, da inda kaburburan kakanninsa suke. Da waɗannan ake tabbatar da cewa shi ɗan gari ne na asali.