Tarihin Kalmar *Māros a Harshen Keltawa na Asali

Batunmu na yau sifa ce guda ɗaya, watau *māros, mai ma'anar "babba". Alamar tauraron da ke gabanta tana nuna cewa ba a taɓa samunta a rubuce cikin harshen Keltawa na asali ba, domin masu harshen ba su bar rubutu ba. Masana ne suka gano ta ta hanyar kwatanta harsunan da suka tsiro daga gare shi, aikin da Johann Kaspar Zeuss ya kafa harsashinsa da littafinsa Grammatica Celtica a 1853.

Ga shaidun da suka dogara a kansu. Mutanen Ailan suna cewa mór, na Wales kuwa mawr. A Vaison, kudancin Faransa, an sami dutse mai rubutun Keltawan Gol da haruffan Girkanci, ɗauke da sunan Segomaros. Haka kuma sarkin da Marcellus na Rum ya kashe a yaƙin Clastidium, shekara ta 222 kafin haihuwar Annabi Isa, sunansa Viridomarus. Saiwar kalmar ta fito ne daga harshen Indo-Turai na asali, inda wasalin ō mai tsawo ya koma ā a bakin Keltawa.

Ta fuskar nahawu, sifar tana bin jinsin sunan da take siffantawa, kamar "fari" da "fara" a Hausa: *māros ga namiji, *mārā ga tamata, *mārom ga jinsi na uku. Wajen ƙarni na 5 zuwa na 6 waɗannan gaɓoɓin ƙarshe suka zube a harshen Ailan, amma suka bar sawu. A da ana cewa *wiros māros, babban mutum, da *benā mārā, babbar mace. A misali na biyu baƙin m ya faɗo tsakanin wasula biyu, sai ya yi laushi. Shi ya sa a yau Ba'ailane yake cewa fear mór amma bean mhór, mutumin Wales kuma dyn mawr amma merch fawr.

Ashe ke nan wasalin da ya ɓace shekaru kusan 1,500 da suka wuce yana nan yana juya harshen mai magana. Da irin wannan hanya ce Paul Newman da Roxana Ma suka kwatanta harsunan Cadi, dangin Hausa, a 1966.