Haƙƙin Kyanwa Marar Lafiya a Tarihin Musulunci

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ciyar da tururuwa a raminta da tsuntsu a sheƙarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu saurare a Dawce da Matamai da Kance da sauran ƙasar Damagaram, darasinmu na yau yana kan wata halitta da muka raina, wato kyanwa, wadda wasu ke kira mage, wasu mussa. Muna nufin musamman wadda ba ta da mai ita: ta rame, ƙazuwa ta cinye gashinta, ko ido ya mutu, ko ƙafa ta karye, ta lallaɓo ta kwanta a gindin rumbu. Me magabata suka yi da irinta?

Mu fara da zamanin sahabbai. Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, mutumin ƙabilar Dausu, ya iso Madina a shekara ta 7 bayan Hijira. Tirmizi ya ruwaito asalin alkunyarsa daga bakinsa: yana kiwon tumakin gidansu, yana da 'yar kyanwa, da dare ya ɗora ta bisa itaciya, da rana ya tafi da ita kiwo. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, da sunan 'yar kyanwa duniya ta san shi. Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179, ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa har ta ƙoshi. Da matar ɗansa ta yi mamaki, ya sanar da ita cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore najasa daga kyanwa, ya lissafa ta cikin masu kai da kawowa a gida. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba, har ta mutu.

Daga Madina sai Masar, inda labarin da ya fi kusa da darasinmu ya auku. Akwai wani malamin nahawu ana ce masa Ibnu Babshaz, ma'aikaci a fadar masu mulki, aikinsa duba wasiƙun hukuma da gyara Larabcinsu kafin a aika, yana karɓar albashi a kan haka. Ibnu Hallikan ya hakaito cewa wata rana yana cin abinci da abokansa a kan soron babban masallacin Masar, sai ga kyanwa. Suka jefa mata loma, ta ɗauka ta tafi, ta dawo. Suka ƙara mata, ta tafi, ta sake dawowa. Da abin ya yawaita suka ce cikin kyanwa ɗaya ba ya ɗaukar wannan, suka bi sawunta. Ta haura katanga ta gangara wani kango, sai ga wata kyanwa makauniya a kwance. Duk abin da aka ba waccan, gaban wannan take ajiyewa. Malamin ya yi tunani: Wanda bai manta da makauniyar dabba a kango ba, har Ya hore mata mai hidima, ta yaya zai tozarta bawansa? Ya ajiye aikin fada, ya lizimci masallaci da karatu har rasuwarsa a shekara ta 469, daidai da 1077.

Bayan kusan shekara 200, Sarki Zahir Baibaras ya mulki Masar da Sham daga 1260 zuwa 1277. Shi ne jarumin da ya kara da Tatar da mayaƙan Turai, amma duk da haka ya yi waƙafin wani lambu kusa da masallacinsa a arewacin Alƙahira, domin a ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Edward Lane, wanda littafinsa kan al'adun Misirawa ya fito a 1836, ya tarar lambun ya daina kawo amfani, amma alƙalin birnin ya ɗauki nauyin: kullum da la'asar ana kawo tarkacen nama farfajiyar kotu, kyanwoyi su taru. Sadaka ta yi fiye da shekara 500 tana gudana.

Malaman fiƙihunmu na Malikiyya ba su bar zancen a matsayin labarin ban tausayi ba, sun mai da shi hukunci. Masu sharhin Muhtasar na Halil, a babin ciyarwa, sun ambaci kyanwar da ta makance ta maƙale a gidan mutum: in ba ta iya fita neman abinci, ciyar da ita ya wajaba a kan mai gidan. Ku lura, ba saye ya yi ba, ba gado ya ci ba. Rauninta kawai ya ɗora masa haƙƙi.

To, mu auna kanmu. Kyanwar da ta shekara tana tsare mana gero da gyaɗa daga ɓeraye, ran da ta kwanta ciwo sai a kore ta da muciya, yara su bi ta da jifa manya na kallo. In baƙa ce, a ce mayya ce ko aljana, alhali babu hujjar da ta halatta azabtar da ita. Abin da ake nema bai fi ƙarfin talaka ba: inuwa, da kasko na ruwa, da sauran tuwo ko ƙashin kifi. In ciwon ya yi tsanani a nemi likitan dabbobi, kada a ɗura mata maganin mutane, domin farasitamol guba ne ga kyanwa. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa ta. In ta yi cizo ko yakushi, a wanke wurin sosai da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti saboda ciwon haukan kare. Tausayi bai hana kiyaye lafiya ba.

Mai azumi ya fi kowa sanin zafin ƙishirwa. Kai kana jiran kiran sallar magariba, ka san randa na nan da sanyinta. Ita wadda ke kwance bayan danga ba ta da lokacin buɗa baki. Idan an shimfiɗa tabarma yau, a tuna da ita.

Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu, Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, Ya ji ƙan magabatanmu. Amin.