Daga Gatari Zuwa Babur: Yadda Ake Rufe Dazukan Zazzau

Ranar 29 ga Satumba, 2021, gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar da haramta hawa babur a faɗin jihar har tsawon wata uku, na haya ne ko na kai. Kwamishinan tsaron cikin gida na lokacin, Samuel Aruwan, shi ya karanta sanarwar. Keke mai ƙafa uku kuma aka ce ya yi aiki daga ƙarfe shida na safe zuwa bakwai na yamma, a cire masa labule. A Palladan ta Zariya, inda rabin zirga-zirgar jama'a tsakanin Samaru da Kwangila da kasuwar Sabon Gari a kan babur take, gari ya waye mutane suna takawa a ƙasa a gefen titin Sakkwato. Babu daji a Palladan. Gidaje ne da shaguna da katangar kwalejin koyon tuƙin jirgin sama. Amma dokar da ta zaunar da 'yan acaɓar unguwar, don daji aka yi ta, wato dazukan Giwa da Birnin Gwari da Igabi, inda 'yan bindiga ke shiga da fita a kan babura.

Kafin wannan sanarwa an riga an hana sare itatuwa a ƙananan hukumomin da ke bakin daji, an hana safarar itacen girki da gawayi, an hana sayar da fetur a jarka, an dakatar da kasuwannin mako. Katsina ta yi irin nata a ƙarshen Agusta, Zamfara ma haka. Tun a watan Mayun 2019 ma rundunar soja ta ce kada a ƙara ganin babur a dazukan jihohi bakwai: Kano, Katsina, Zamfara, Sakkwato, Kaduna, Kebbi da Neja. Mutane da yawa sun ɗauka sabon abu ne. Alhali rufe daji da takardar hukuma ya haura shekara ɗari a ƙasar nan, kuma tambayar ba ta sauya ba: wa zai shiga, da me zai shiga, me zai fito da shi.

Kafin zuwan Turawa daji yana da masu shi, ko da ba a rubuce ba. Maharbi ya san iyakarsa. Maƙeri yana neman kirya saboda gawayinta ya fi riƙe wuta. Masassaƙi yana neman itacen turmi da allo da ƙotar fartanya. Mata suna tsintar kaɗanya da damina, a yi kalwa da 'ya'yan ɗorawa a samu daddawa. Bafulatani yana bin burtali da labi zuwa mashaya. Sarki da hakimi da dagaci su ke raba gardama. Mai shiga daji kuwa da ƙafa yake shiga ko da jaki, abin da zai ɗauko bai wuce abin da kai ko bayan jaki zai iya ɗauka ba.

Turawa suka zo da jirgin ƙasa, jirgi kuma yana cin itace. Layin dogo ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, ƙaramin layin Zariya zuwa Jos ya biyo baya a 1914, na Ƙaura Namoda ya kammala a 1929. Sabon Gari ta cika da ma'aikata masu bukatar itacen girki da katakon rufi. A 1916 gwamnatin Lugga ta fitar da dokar gandun daji wadda ta haɗa Kudu da Arewa, aka sake tsara ta a 1937, shekarar da Sarkin Zazzau Ja'afaru ya hau gadon sarauta. Burin jami'an daji na lokacin shi ne a keɓe kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar. Ba su kai ba, sun tsaya a wajen kashi goma cikin ɗari.

Yadda ake keɓe dajin shi ne abin lura. Ba a wayi gari kawai a ce an rufe. Sai an yi shela tukuna, sannan a naɗa jami'in da zai zagaya ƙauyukan da ke kewaye ya saurari masu da'awa. Wane gari ne ke da hanya ta cikin dajin? Su wa ke ɗiban zuma, su wa ke yankan ciyawar jinka, ina makabarta, ina mashaya? Abin da aka amince da shi sai a rubuta shi a jikin takardar kafa gandun, da sunan gari da irin haƙƙinsa. Mutanen ƙauye kaza suna iya tsintar busasshen itace don girkin gida, ban da sayarwa. Suna iya bin hanya kaza zuwa kasuwa. Noma dai babu, sare ɗanyen itace sai da takarda.

A Arewa yawancin gandayen na En'e ne, wato hukumar sarakunan gargajiya, ba na gwamnatin tsakiya ba, kuma mutumin da talaka ya sani shi ne malamin daji. Da ƙafa ko da keke yake kewaya iyaka. Iyakar kuwa a fili take: an share layi, an tara tulin duwatsu ko an kafa siminti a kowace kusurwa. Da kaka ta yi, tun ciyawa da sauran danshi, sai ya tara mutane a cinna wuta da wuri, don kada gobarar tsakiyar rani ta cinye ƙananan itatuwa. Idan ya tarar da kututture sabon sara, ya duba babu tambarin gudumar hukuma a jiki, sai ya bi sawu har gida, mai unguwa ya fito da mai laifi, magana ta kai gaban alƙali.

Kada a ɗauka mutane sun so abin. Manomi da aka hana shi sabon saran gona a dajin da kakansa ya yi farauta bai ga adalci ba. Malamin daji ma ba waliyyi ba ne, akwai wanda kaza ɗaya ko damin dawa ke rufe masa ido, akwai wanda ya mai da tara hanyar cin zalin marar gata. 'Yan jam'iyyar NEPU sun sami abin faɗa a kan irin wannan a shekarun 1950. Sai dai duk da haka, dokar tana da fuska. Akwai mutum a cikin dajin, ya san itatuwan, ya san masu shigowa da sunansu.

A wannan tsari aka kafa gandun dajin En'e ta Birnin Gwari a 1936, wanda a 1999 ya zama gandun ƙasa na Kamuku, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,100. Falgore ta Kano ta samu a 1949, Afaka kusa da Kaduna a 1954, Yankari a 1956. Nan kusa da Zariya akwai gandun Guga ta wajen Shika da Giwa, inda ɗaliban jami'a suka daɗe suna zuwa auna doka da sauran itatuwa. A 1964 aka buɗe tashar binciken dazukan savana a Samaru da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ta yi ta gwajin itacen turare da sauran baƙin iri a Afaka. Shekara guda bayan haka gwamnatin Sardauna ta yi dokar keɓe wuraren kiwo ta 1965.

A wannan shekara ta 1964 ɗin, can Amurka, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a wata doka da ta keɓe eka miliyan tara na dazukan gwamnati, ta ce a bar su yadda Allah ya halicce su. Ba hanya, ba gini, ba mota, ba wani abin hawa mai inji. Kana iya shiga da ƙafa ko a kan doki. Rigimar da ta biyo baya ta yi kama da tamu ta wata fuska. Wani kamfanin Kanada, Bombardier, ya fito a 1959 da wani ɗan abin hawa kamar babur, mai sulɓi a gaba da sarƙar roba a baya, yana gudu a kan dusar ƙanƙara. Wurin da mai tafiya a ƙasa zai kwana biyu bai kai ba, mai wannan babur zai je ya dawo kafin azahar. Daga nan duk lokacin da aka kawo shawarar ƙara wani yanki cikin dazukan da aka rufe, sai ƙungiyoyin masu baburan ƙanƙara da masu otal da masu ba da hayarsu su tashi, su ce dajin na kowa ne. Masu kare namun daji su ce ƙara da hayaƙi suna korar dabbobi a lokacin da sanyi ya fi galabaitar da su. A gandun Yellowstone gwamnatin Clinton ta yanke a 2000 cewa za a daina shiga da su, gwamnatin Bush ta warware, aka yi ta shari'a, sai a 2013 aka daidaita a kan ƙayyadadden adadi, da ɗan jagora, da inji marar hayaƙi sosai.

Su can shaƙatawa ake jayayya a kai, mu nan tuwon dare ne. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, duk tsawon rigimarsu akwai taswira, akwai zaman jin ra'ayin jama'a, akwai ma'aikaci a bakin ƙofa. Abubuwa ukun nan mu ma mun taɓa samun irinsu, muka sake su.

Sakin ya zo a hankali. Aka raba Jihar Arewa a 1967, aka rushe En'e da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna. Gandun daji ya koma ƙarƙashin ma'aikatar jiha mai ofis a babban birni, wadda aka fi tambayarta kuɗin shiga a kan tambayarta lafiyar itatuwa. Malaman daji suka yi ritaya ba a maye gurbinsu ba. Aka yanka gefen wasu gandayen aka ba manya gonaki, ƙananan manoma suka ga haka su ma suka shiga, burtali ya toshe.

Sannan babur ya iso. Tsadar mota bayan matsin tattalin arzikin 1986 ta haifar da acaɓa, baburan Sin da Indiya masu araha kuma suka kai shi kowane ƙauye. Duk wanda ya taɓa tsayawa a hanyar Giwa da sassafe ya ga yadda ake yi: buhun gawayi uku ko huɗu an ɗaure da robar taya, ɗaya a kan tanki, sauran a baya sun fi kan matuƙin tsawo, shi kuma ya ɗosana a ɗan wurin da ya rage yana jan ƙafa a ƙasa idan ya zo kwana. Abin da jaki zai kai sau ɗaya a yini, wannan zai kai shi sau da yawa, daga wuri mai nisan da jaki ba zai je ba. Ga injin yankan itace ya maye gurbin gatari. Dokar da aka rubuta don mai ƙafa da mai jaki ba ta san da waɗannan ba. Hanyar da mai gawayi ya buɗe, ita mai kai mara lafiya asibiti ke bi, ita ɗan kasuwa ke bi, ita kuma ɓarawon shanu ya gane. Mutum uku a kan babur ɗaya, kowa da bindiga, su bi sawun da motar soja ba za ta iya bi ba, daga Kamuku su faɗa Kuyambana, su ɓulla Rugu. A watan Maris na 2021 suka shiga kwalejin koyon aikin gandun daji da ke Afaka suka kwashe ɗalibai 39, yaran da ake koya wa kula da dajin.

Ba na cikin masu cewa gwamnati ta yi haramcin 2021 don mugunta. Mutane na mutuwa, dole a yi wani abu, kuma toshe fetur da kasuwa ya takura 'yan bindiga na ɗan lokaci. Amma an bar jaki ana dukan taiki. Wanda ke cikin Kamuku da bindiga bai ajiye babur ɗinsa ba, don babu wanda zai je can ya karɓe. Wanda aka iya kamawa shi ne ɗan acaɓan Kwangila mai biyan balas kowace yamma, da malamin makarantar da ke zaune a Palladan yana koyarwa a Basawa, da mai sayar da itace a bakin titi. Takardar kafa gandu ta zamanin En'e, duk da zaluncin da ke cikinta, ta bambance mai tsintar itacen girki da mai sare ɗanye. Sanarwar 2021 ba ta bambance kowa ba, don babu sauran ma'aikacin da ya san wane ne wane a bakin dajin.

A farkon 2022 Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya faɗa a wata hira da gidan talabijin cewa a yi wa dazukan ruwan bama-bamai, daga baya a sake dasa itatuwa. Magajinsa Uba Sani ya bi wata hanyar, ya yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024. A watan Mayun 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya amince a ɗauki dakarun tsaron daji masu ɗauke da makami, tarayya da jihohi su haɗa hannu. Aikin da aka ɗora musu shi ne fatattakar 'yan bindiga. Sake share layin iyaka, da zama da ƙauyukan bakin daji a rubuta wa ke da hanya da mashaya da izinin ɗiban itace, da cewa ko babur na cikin abin da aka yarda a shiga da shi, wannan yana hannun ma'aikatun jihohi, tun da a doka su ke da yawancin gandayen.