Mustafa Akkad da Fim ɗin Ar-Risala

A shekarar 1974 aka gina wani gari na wucin gadi kusa da Marrakesh a ƙasar Maroko don ɗaukar fim ɗin Ar-Risala, aka kwaikwayi Makka ta zamanin jahiliyya da gumakanta da kasuwanninta. Mai wannan aiki shi ne Mustafa Akkad, haifaffen Halab ta Siriya a 1930, wanda ya koyi harkar fim a Kalifoniya. Burinsa ya nuna wa Turawa yadda Musulunci ya faro. Malaman Azhar sun duba labarin sun sa albarka, amma Rabiɗa ta Makka ta ce sam. Da matsin lamba ya yi yawa, Sarki Hassan na Biyu na Maroko ya janye hannunsa, Akkad ya kwashe ya-nasa-ya-nasa ya koma Libiya, inda Gaddafi ya buɗe masa bakin aljihu.

Sau biyu ake ɗaukar kowace fitowa. 'Yan wasan Turanci su yi nasu, su koma gefe, na Larabci su shigo. Anthony Quinn ne Sayyidina Hamza a na Turanci, Abdullahi Gaith ɗan Masar a na Larabci. Ni dai na Larabcin ya fi kwanta mini, ko da yake shigowar Quinn a kan doki, da fatar zaki, ya ratsa taron Ƙuraishawa ya doki Abu Jahal, abu ne da ba ya gundurata.

Abin da ya sa nake ƙaunar fim ɗin shi ne ladabinsa. Ba a nuna Manzon Allah (SAW) ba, ba a ji muryarsa ba, haka ma halifofi huɗu. Na Sayyidina Ali, bakin takobinsa Zulfiƙari kawai ake gani. In sahabi zai yi magana da Annabi, sai ya fuskanci kyamara, ya yi shiru yana saurare, sannan ya juya ya isar da saƙo. Ga kuma zaman fadar Najjashi: Ja'afar ya karanta ayoyin Suratu Maryam, sarkin ya sauko daga karaga, ya ja layi a ƙasa da sandarsa don nuna ƙanƙantar tazarar da ke tsakanin addinan biyu. Duk wanda ya kalli wannan a kaset ɗin bidiyo, ɗaki cike da yara ana ta "ku yi mana shiru", ya san abin da nake nufi.

Sai dai jita-jita ta riga fim ɗin isa kasuwa, wai Quinn Annabi ya fito. A 9 ga Maris 1977 wasu 'yan bindiga ƙarƙashin Hamaas Abdul Khaalis suka mamaye gine-gine uku a Washington, suka yi garkuwa da mutane kusan 150 har na awa 39. Babbar buƙatarsu a miƙa musu waɗanda suka kashe iyalan shugabansu a 1973, amma sun haɗa da a daina haska fim ɗin. An kashe wani ɗan jarida a rikicin.

Masu sukar Akkad suna da abin faɗa. Da kuɗin Gaddafi kuma ya yi fim ɗin Umar Mukhtar, wanda Italiya ta hana nunawa, sai a 2009 aka haska shi a talabijin ɗin ƙasar. Kuma mutumin nan da ya yi Ar-Risala shi ne ya ɗauki nauyin Halloween a 1978, fim ɗin tsoro na yanka da jini, ya bi shi har kashi takwas. Wannan ɓangaren bai taɓa yi mini daɗi ba, ba kuma zan wanke shi ba. Amma ban ga yatsan Gaddafi a cikin labarin Ar-Risala ba, kuma masu kuɗin da suka yi ta ƙorafi ba su kawo ko sisi sun yi wanda ya fi shi ba.

A 9 ga Nuwamba 2005 'yan ƙunar baƙin wake na ƙungiyar Zarƙawi suka tayar da bama-bamai a otal uku a Amman. Akkad yana otal ɗin Grand Hyatt tare da 'yarsa Rima. Ita nan take ta rasu, shi kuma bayan kwana biyu, bai samu yin fim ɗin Salahuddin da ya daɗe yana nema wa kuɗi ba. Saudiyya ba ta yarda a haska Ar-Risala a silimunta ba sai a 2018.