Danchadi ko Dancadi? Nazari kan sunan gari a intanet

A takardun hukuma "Danchadi" ake rubutawa, da "ch" irin na Turawa, alhali ƙa'idar rubutun Hausa "c" kaɗai ta sani. A baki duk ɗaya ne. A intanet kuwa adireshi biyu ne daban, kuma wanda ya kuskure harafi ɗaya ba zai isa shafin ba. Don haka duk ƙungiyar ci gaban gari da ke son buɗe shafi a ƙasar Bodinga, inda garin Danchadi yake, tun kafin ta tambayi kuɗi, sai ta fara warware wannan.

Akwai kuma wata tsohuwar matsala game da haruffan Hausa. An gina tsarin sunayen intanet a 1983 bisa haruffan Ingilishi, da lambobi, da karan ɗori kawai. Babu ɗ, babu ƙ, babu ɓ. Daga 2003 an samar da hanyar shigar da irin waɗannan haruffa, amma ba kowace hukumar rajista ke karɓarsu ba, kuma wayoyi da yawa ba a saita su da haruffan Hausa ba. Shi ya sa nake ganin ya fi a yi rajistar rubutun da jama'a suka saba gani, a ƙara da na Hausa, a sa ɗaya ya riƙa kai mutum ga ɗaya. Haka lamarin Sokoto da Sakkwato yake.

Garin Shagari kuma matsalarsa daban ce: sunan Shehu Shagari, shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, ya rinjayi na garin, don haka sai an ƙara wata kalma da za ta nuna garin ake nufi.

To nawa ne darajar suna? A 2019 an sayar da voice.com kan dala miliyan 30, domin kalma ce da 'yan kasuwar duniya ke rububi. Sunan Danchadi ba shi da irin wannan kasuwa; masu bukatarsa 'yan garin ne, na gida da na ci-rani. Ƙungiyar NiRA, mai kula da .ng tun bayan kafa ta a 2005, ta ware .org.ng ga ƙungiyoyi, kuma da naira ake biya.

Abin da ya fi damuna shi ne suna haya ne, ba saye ba. Idan wani matashi ya yi rajista da imel ɗinsa, ya tafi Legas, shekara ta zagayo ba a sabunta ba, sunan zai koma kasuwa, kuma kowa na iya ɗauka. Don haka ya kamata rajistar ta kasance da sunan ƙungiya, da sanin hakimi, makullin shiga kuma a hannun mutum biyu ko uku.